Neman kalma: wai me za mu kira "hamoni" da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, ina neman taimako kan wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ƙanwata ce ta shiga shekarar farko a sashen kiɗa na kwaleji, kuma kaman yadda aka saba karatun kashi uku ne, akwai tiyori, akwai tarihin kiɗa, sai aikin hannu inda kowa ke da abin da yake kaɗawa ko busawa ko rerawa. Tarihin ba ya ba ta wahala, aikin hannun ma tana taɓukawa, tiyorin ne ya ɗaure mata kai, musamman darasin da ake kira hamoni. Ni na taɓa yin kwas ɗin shekarun baya, sai na ce bari in zauna in rubuta mata bayani da Hausa yadda zai shiga. Wallahi a layin farko na tsaya cak, don ban san sunan da zan sa wa darasin ba.

Bari in faɗi abin da kalmar ke nufi tukuna, kar a yi ta kawo min suna ba a ga jaririn ba. In mutum ɗaya yana rera waƙa, sauti na bin sauti ɗaya bayan ɗaya, wannan muna da sunansa, rauji. Hamoni kuwa shi ne a ji sauti biyu ko uku ko huɗu a lokaci guda, wani bisa wani, sannan a duba yadda wannan tarin zai miƙa ka ga tari na gaba. A takardar kiɗa rauji a kwance ake karanta shi daga hagu zuwa dama, hamoni a tsaye daga ƙasa zuwa sama. A aji yawanci da muryoyi huɗu ake koya, sofrano, alto, tena da bes, wato daga murya mafi sama zuwa mafi ƙasa, a ba ka rauji a layin sama a ce ka cike sauran ukun da fensir, kuma misalin da ake yawan bugawa da shi waƙoƙin coci ne masu murya huɗu da Bach na Jamus ya tsara, mutumin da ya rasu tun 1750 amma har yau yana kayar da ɗalibai jarrabawa.

To na ga amsoshi sun fara shigowa, kuma kusan kowa "jituwa" yake cewa. Na gode ƙwarai, ni ma ita ta fara faɗo min. In ana maganar mutane ne, gida ko unguwa, babu ja, jituwa ce. Amma ku bari in ba ku labarin abin da ya sa na ƙi sa mata hannu.

Ranar da aka fara mana darasin nan lakcaranmu bai ce komai ba, ya zauna gaban fiyano ya danna do, mi, so tare, daga jerin sautukan nan na do, re, mi, fa, so, la, ti. Daɗi. Kowa ya gyaɗa kai. Sai ya danna mi da fa tare, maɓallai biyu da ke maƙwabtaka, wata a bayana har sai da ta ce "wash" don sautin kaman ana goga ƙarfe da ƙarfe. Dalilin ba tsafi ba ne, mi ɗin tsakiyar fiyano tsirkiyarta na kaɗawa kusan sau 330 a daƙiƙa, fa kuma kusan 349, to bambancin nan na wajen 20 shi kunne ke ji kaman karkarwa, wani Bajamushe Helmholtz ya yi bayanin wannan tun 1863. Daga nan sai malam ya danna so, ti, re, fa ya riƙe su bai saki ba, ya juyo yana kallon mu. Mun fi daƙiƙa goma a haka. Ka san yadda mutum zai ɗaga ƙafa zai taka matakala sai a ce masa tsaya? Haka dukkanmu muka ji, har wani ya ce malam dan Allah ka ƙarasa. Ya ɗan matsa yatsu, ti ta hau zuwa do, fa ta sauko zuwa mi, ajin gaba ɗaya aka sauke ajiyar zuciya. Sannan ya ce abin da za mu yi shekara biyu muna koya ke nan, waccan rashin natsuwar da wannan saukar.

Kun ga matsalar. Rabin darasin a kan sautukan da BA SU jitu ba ne, yaushe za ka shigo da su, ta wace ƙofa, kuma ina za ka kai su. Tazarar ti da fa ɗin nan ma har laƙabin shaiɗanin kiɗa marubutan ƙarni na 18 suka yi mata, amma cire ta ka ga yadda kiɗan zai zama lami. In na rubuta wa yarinya "Jituwar Sauti" a saman shafi, gobe ta zo babin da ke koya mata yadda ake haɗa sautukan da ke hararar juna da gangan, ai sai ta ce Yaya wannan kuma wace irin jituwa ce.

Kuma ɓangaren tarihi zai ƙara kwance mata kai. Turawan farko da aka san sun rera murya biyu tare, wajen ƙarni na 9 zuwa na 11, tazarar do da so da ta do da fa su ne masu jituwa a wurinsu, do da mi kuwa ba a yarda da ita sosai ba. Da tafiya ta yi tafiya sai do da mi ta zama 'yar gaban goshi, a kanta aka gina komai, ita kuma do da fa in ta faɗo a kan muryar ƙasa sai dokar aji ta ce sai an warware ta, wato a kai ta ga irin saukar nan da malam ya yi mana. Ya zuwa shekarun 1920 Schoenberg na Ostiriya ya ce shi kam ya 'yanta rashin jituwa, ba dole sai an warware komai ba. Duk wannan rigima a ƙarƙashin darasi ɗaya ake karanta ta, ka ga sunan darasin bai kamata ya ɗauki ɓangare ba.

Wata 'yar uwa ta kawo "haɗin murya". Hajiya wannan ya fi kusa gaskiya, kuma asalin kalmar ma yana bayanki, don a Girkanci tushenta haɗa abu da abu ne kaman yadda kafinta ke haɗa katako biyu su zauna daram. Inda na ɗan ja baya, murya ta mutum ce a kunnen yawancinmu, mai jita da mai fiyano fa? In aka ce "haɗin sauti" an gyara wannan, sai dai wani zai ɗauka aikin mai situdiyo ne da ke zaune gaban na'ura yana ɗaga wannan yana rage wancan. Gwada faɗa wa matashi kana karanta haɗin sauti ka ji tambayar da zai yi maka, cewa zai yi wace manhaja kake amfani da ita.

"Amshi" kuma a'a. Amshi bayan an bayar yake zuwa, wannan kuwa tare ake yi. "Daidaito" ma na ajiye shi gefe, zai fi amfani ranar da muka zo maganar saita tsirkiya.

Akwai masu cewa a bar shi hamoni kawai, ba ga rediyo da kwamfuta ba, wa ya mutu. Ban raina wannan ra'ayin ba fa, kuma na san ko me muka yanke a nan ɗalibai a bakin aji hamoni za su ci gaba da cewa, yadda do re mi ɗin ma aro ne, wani malamin coci ɗan Italiya Guido na garin Arezzo ya fara tsara su a ƙarni na 11, lokacin ma "ut" ake cewa ba "do" ba, kuma duniya ta karɓa ba wanda ya fassara. Amma rediyo abu ne da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi. Hamoni ba a nuna shi, fahimtarsa ake yi, kuma kalmar aro ba ta ba yarinyar nan komai da za ta riƙe. Ni abin da nake nema kalmar da in ta ji ta, ta riga ta san kashi ɗaya cikin uku na darasin kafin a buɗe littafi.

Kafin mu ci gaba, an samu riba a gefe. Wani ya ce tarin sautukan da ake dannawa tare, abin da ake kira kod, a ce masa "damin sauti". Kai wannan ta burge ni! Don akwai wani abu da Rameau na Faransa ya kafa a littafinsa na 1722, cewa do-mi-so da mi-so-do da so-do-mi duk abu ɗaya ne an juya shi, tushen bai canza ba. To dami ai haka yake, ko ta ina ka juya shi, abin da aka ɗaure ciki bai ƙaru ba bai ragu ba. "Juyin dami na farko", "juyin dami na biyu", ji yadda ya zauna a baki kaman dama can akwai shi. Na karɓa, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba.

Yanzu ga wadda ta sa na tashi zaune. Wani dattijo, daga rubutunsa ka san malamin harshe ne, ya ce: yaro duk bayanin nan da kake yi ai zama kake siffantawa, ba ka ji an ce zo mu zauna zo mu saɓa ba? Baba Allah ya ƙara girma, wallahi kun gama magana. Zamantakewa ita ce kalmar da ta ɗauki daɗi da rashin daɗi duka ba ta zaɓi ɗaya ba. In an ce zamantakewar gidan nan, ba a ce lafiya lau ake ba, ba a ce faɗa ake ba, an dai ce ga mutane tare kuma akwai yadda suke yi da juna. To "zamantakewar sauti". Jituwa ba a kore ta ba, ta koma ɗakinta na gaskiya, wato do da so, do da mi, masu zaman lafiya. Mi da fa kuma saɓani. Abin da malam ya yi da ya matsa yatsu muka sauke numfashi, sasanci. Larabawa ma na ga kusan hanyar da suka bi ke nan wurin jituwa da saɓani, tawafuƙ da tanafur.

Har wani abu ya tuno min da ban taɓa samun yadda zan faɗe shi da Hausa ba. Fiyano fa kanta a kan haƙuri aka saita ta. Tun zamanin Fisagoras, masanin lissafin nan na tsohuwar Girka, aka san in ka danne tsirkiya ka bar kashi biyu cikin uku tana kaɗawa za ka samu tazarar do da so tsantsa, lissafin 3 bisa 2. To in la tana kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, wadda ita ce ma'aunin da aka fi bi a duniya, abokiyar jituwarta ta sama kamata ya yi ta zama 660 cif. A fiyano 659 da ɗan ɗoriya ce. Ta tazarar do da mi da ya kamata ta zama 550 kuma an tura ta har 554. Dalili, in ka ba kowace tazara haƙƙinta cikakke, sautuka 12 da ke maimaituwa a fiyano ba za su rufe da'ira ba, sai wani wuri ya yi tsami har ba ya kaɗuwa, shi ya sa aka ɗan tauye kowa kaɗan don a iya kaɗa waƙa daga kowane maɓalli. Da kalmar jituwa ban san yadda zan shigo da wannan ba, da zamantakewa kuwa ko bayani ba sai na tsawaita ba.

Na ga ƙorafi biyu kuma duka suna da hujja. Na farko wai ta yi tsawo, gaɓa bakwai ko takwas a wurin da Bature ya yi uku, a jadawalin lakca ma ba za ta shiga akwatin ba. Gaskiya ne. Na so in gajarta zuwa "zaman sauti" sai wata ta ce in ta ji haka za ta ɗauka ana nufin sautin da aka ja aka riƙe bai yanke ba, kuma ta yi daidai, don haka cikakkiyar za ta hau kan littafi, a cikin magana kuwa in an riga an san inda aka dosa ba laifi a ce "zaman". Na biyu wai kalmar ta masu nazarin al'umma ce mun je mun yi musu kutse. To ai su ma ba su suka ƙirƙire ta ba, a bakin mutane suka tsince ta, kuma da zarar ka ce "sauti" a bayanta babu mai ɓata hanya.

Na gwada ta a jimloli in ji ko za ta yi tuntuɓe. "Gobe muna da jarrabawar zamantakewar sauti." Ta wuce. "Raujin ya yi kyau amma zaman da ka ba shi bai yi ba." Ta wuce. "Wannan saɓanin ba ka sasanta shi ba, ka bar fa a rataye." Wannan kam har na ji muryar malaminmu, mutumin da ya taɓa maido min da takarda ta yi ja wur saboda na bar bes da tena suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar do da so har sau uku a layi ɗaya, laifin da duk wanda ya yi shekarar farko ya san shi, don in murya biyu suka yi haka sai su narke su koma kaman ɗaya, huɗun da aka ce ka rubuta sun zama uku.

Na tura wa ƙanwar tawa shafin farko ɗazu da sabon kan magana. Amsar da ta turo ita ce wai to in haka ne, damin so-ti-re-fa shi ne ɗan gidan da kullum sai ya tayar da magana kafin a kwanta. Na ce mata ta rubuta haka a gefen littafinta da fensir, amma kar ta kuskura ta sa wa malami a jarrabawa.