Land Rover Series III ta shekara 8 a ajiye a Daura: ta ina ake farawa?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum. Akwai Land Rover Series III doguwa, 109 (mai tazarar inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya) mai ƙofa biyar, ƙirar 1978, injin fetur mai silinda huɗu, a cikin gida nan Daura. Ta kai shekara 8 ba a tada ta ba. A ƙarƙashin rumfa take, amma damina na dukan bayanta. Tayoyi sun sace sun tsattsage, birki yana tafiya har ƙasa, injin kuma bai juyawa da handul ɗin gaba. Bodi dai lafiya lau, fenti ne kawai ya koɗe. Bakanike ɗaya ya ce a cire injin a dasa na Toyota, wani ya ce a fara da fenti da kujeru kafin a samo kaya. Abin da ake so shi ne ta riƙa zuwa Katsina ta dawo, ta shiga gona da damina. Masana, wane aiki ke gaban wane?

Usta Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Malam, a ajiye maganar fenti tukuna. Bodin motar nan alminiyon ne, shi ya sa kake ganinsa garau, kuma shi ke yaudarar mutane. Ƙarfen da ke cin tsatsa yana ƙasa: casis, da bangon da ya raba injin da direba, da firam ɗin ƙofofi. Ka samu ƙaramar guduma ka shiga ƙarƙashinta ka bi casis ɗin kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda ya ciwu kuwa za ka ji shi dukum, wani wurin ma gudumar ta shige. Tunda damina na dukan bayanta, fara da ƙarfen da ya gitta can ƙarshen baya, sannan hannuwan da ke fitowa gefe suna ɗauke da bodi, da inda sifirin ke rataye. Cikin casis ɗin rami ne, yashi da laka na taruwa su riƙe laima, daga ciki yake ruɓewa ya fito waje. A bangon gaba duba inda ƙafafu ke zama da ginshiƙan da ƙofa ke maƙale. Ƙaramin rami mai walda zai yanke ya sa faranti mai kaurin milimita 2, amma ya yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya, kada ya liƙa sabo a kan tsoho. Ka kuma duba lambar casis da aka buga a hannun sifirin na gaba ta dama, ta dace da ta takardu kafin ka kashe ko sisi.

In casis ya wuce, sai injin. Kada a ɗaura batir a murza kik, kada kuma a ja ta da wata mota a saki kuloci. Haka ake karya ringi, ake lanƙwasa sandunan da ke tura bawul. Cire fulogi huɗun, zuba kamar cokali 3 na man gas haɗe da jan man giya a kowace silinda, a bar shi kwana 5 zuwa mako guda, ana ɗan ƙarawa. Buɗe murfin sama, ka ɗan bubbuga kan kowane bawul da guduma ta roba ka ga yana sauka yana dawowa. Bayan nan a sa ta a giya ta huɗu a riƙa rausaya motar gaba da baya a hankali, ko a gwada handul. In ya motsa, juya shi da hannu zagaye da yawa. In mako biyu sun wuce bai motsa ba, cire tof silinda ka gani da idonka, mai yiwuwa ruwa ya shiga ta gasket.

Ya juya? To a zubar da tsohon baƙin mai, a canja filta, a zuba 20W-50. Da filta yana cin kusan lita 7. Murza kik ba fulogi, wayar kwayil a cire, har fitilar mai ta mutu. Sai saiti: tazarar bawul 0.25 na milimita, na shiga da na fita duka, da zafi ko da sanyi. Kwantak 0.35 zuwa 0.40. Fulogi 0.75 zuwa 0.80. Jerin wuta 1-3-4-2. Kada ka ba shi mai daga tankinta, fetur ɗin da ya shekara 8 ya zama danƙo. Jawo tiyo daga jarka mai tsabta zuwa famfon mai, ka wanke ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin famfon. Tankin na baya a sauke shi a wanke, a duba gindinsa.

Kafireton, in na asali ne, Zenith 36IV ne. Cutarsa sananniya ce: fuskar sama da ta ƙasa suna karkacewa, ga wata ƙaramar roba zagayayya a tsakiya da ke bushewa, sai fetur ya riƙa zuba ta bayan fage. Alamarsa baƙin hayaƙi da shan mai, kuma ko ka murɗe sukurun silo har ƙarshe injin ba ya mutuwa. Maganinsa a shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi a goge fuskokin biyu su daidaita, a sa sabuwar roba. In ya ƙi, Weber 34ICH na hawa gurbinsa.

Kafin a yanke hukuncin jefar da injin, a auna matsin kowace silinda da zafi. Tof iri biyu ne: mai ƙarfin matsi 7:1 yana ba da wajen 145 psi, mai 8:1 kuma 160 zuwa 170. Abin lura ba lambar ba ce kaɗai, kada wata silinda ta yi nisa da sauran.

Sarkin Hanya:

Ni dai shawarata a sa injin Toyota a huta. Kayan sa na ko'ina, kowane yaro a gareji ya san shi. In kuma an nace da tsohon, a cire tamostat a yar, zafin Afrilu da Mayu a nan ba irin na Ingila ba ne.

Baba Mai Lagireto:

Sarkin Hanya, a nan kam ban bi ka ba. Tamostat ɗin injin nan yana da wani siket a jikinsa. Lokacin da ya buɗe, siket ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin injin ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire shi, hanyar nan ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya yi ta kewaya cikin injin da zafinsa. Wato an cire shi don gudun tafasa, an kuma jawo tafasar. A sa mai buɗewa a zafin digiri 74, ba mai 82 ba, kuma a tabbata mai siket ne, don akwai waɗanda ake sayarwa da suke shiga ramin amma ba su da shi.

Abin da ke sa motocin nan tafasa a ƙasarmu guda huɗu ne, kuma na farko ya fi sauran yawa: lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya da tsatsa. Wanke shi da tiyo ba ya isa. Na tagulla ne, a narke dalmar a cire tankin sama, a zura siririn ƙarfe a kowane bututu, a mayar. A kwance famfon fitar da ruwa na jikin injin, in ba abin da ya fito a tsokale shi da waya, laka ce ta cika wurin. Ƙananan marafan ƙarfe da ke jikin bulok su ma a canja su duka tun injin na fili, daga ciki suke hujewa. Sauran ukun: marfin lagireto ya zama mai 9 psi kuma mai dogon wuya irin nata, garkuwar da ke kewaye da fanka kada a yar da ita, sannan taimin. Wutar da ta makara tana dafa injin ko da lagireto sabo ne. Fara daga TDC (lokacin da fistin ya kai ƙololuwar sama) zuwa digiri 6 kafinsa, ka hau da ita tudu a giya ta huɗu, in ka ji ƙarar ƙyas-ƙyas ka ɗan mayar baya.

Ruwan duka lita 8 ne da ɗan kai. A haɗa da ruwan kulan ko da ba ma fama da ƙanƙara, don hana tsatsa ake sa shi. Tukunyar iska kuma mai wanka da mai ce, kada wani ya ce a canja ta da ta takarda don ta fi kyan gani. Don ƙura aka yi ta. Da hunturu a buɗe ta duk mako, a kwashe lakar da ta kwanta, a wanke ragar da kananzir, a zuba baƙin mai zuwa layin da aka zana, bai kai lita ɗaya ba.

Injiniya Mashi:

Bari in ɗauki birki, don 109 a nan take wahalar da mutane. Duram ɗinta inci 11 ne, kuma kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bayan shekara 8 kada a tsaya canja roba kawai. A sauya silinda shida na ƙafafu, da masta, da tiyon roba duka, a bi bututun ƙarfe a ga inda tsatsa ta ci. Masta na gajeriya 88 da na 109 ba ɗaya ba ne, in aka sa na gajeriya ba zai tura mai ya ishi silindar gaba ba. Man birki DOT 4.

Wurin fitar da iska: nonon fitarwar yana kan silindar ƙasa, iska kuwa sama take hawa, sai ta maƙale a ta sama, a yi ta famfo har a ƙarar da galan ba a samu birki ba. A sassauta ajasta gaba ɗaya, a matse fistin ɗin ciki da kilam yadda ba sauran wurin da iska za ta ɓuya, sannan a fitar. In ta ƙi, a kwance farantin baya a kwantar da shi yadda nonon zai zama sama. Don gane inda matsalar take, matse tiyon roba duka da abin matsewa mara kaifi. Feda ta yi tauri, masta lafiya. Sai a saki ɗaya bayan ɗaya, wanda feda ta faɗi a kansa nan iskar take. A kuma bambance abu biyu: feda mai laushi kamar soso iska ce, wadda kuwa ke tafiya ƙasa a taku na farko ta kama da kyau a na biyu, ajasta ce ba a ɗaure ba, ko an juya takalman baya, na gaba ya koma baya.

Takalmin da man giya ya jiƙa ba a wanke shi da fetur a mayar, sai sabo. Kuma a nemi dalilin jiƙewar. Galibi ɗan numfashin da ke saman aksul ne ƙura ta toshe, aksul ya yi zafi, iska ta rasa mafita ta turo mai ta sil. A kwance shi a wanke har ka ji ƙwallon ciki na kaɗawa.

Man giya EP90 ne ko'ina, amma a giyabos a nemi GL4 saboda zobban tagulla na ciki. Giyabos lita 1.5, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya 2.5, aksul na gaba 1.75, na baya irin Salisbury 2.5, ƙwallayen da ƙafafun gaba ke juyawa a kai rabin lita kowanne. Akwai wurin da kusan kowa ke mantawa: rilen sitiyari da ke cikin ƙarfen casis na gaba, bayan giril. Mai ake zuba masa ta ramin ƙananan kusoshin samansa, a cire biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fitar iska, ɗigo-ɗigo. In ya bushe sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa yawo a titi.

Batun injin Toyota, ba haramun ba ne, amma ba a ɗaura shi haka kawai. Sai an ƙera farantin haɗi da giyabos, an sake mazaunin injin da salansa, giyabos ɗin kuma a motar nan injin da bai wuce doki 70 da 'yan kai ba yake ɗauka. Aksul ɗinta 4.7 ne (farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya), ko wane injin ka sa, a kilomita 90 kururuwa zai yi. In tafiyar Katsina ce damuwar, obadaraib na Fairey, wato ƙarin giya ta gudu, ya fi amfani, yana rage juyin injin da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Ɗan Kusugu:

Allah ya saka da alheri, Usta da Baba da Injiniya. An ƙwanƙwasa casis, ƙarfen baya ne kawai ya huje a gefe ɗaya. An zuba mai a silinda ana jira. Saura tambaya biyu: fetur ɗin yanzu ba zai cutar da bawul ba? Kuma kaya a ina ake samu, da wane suna ake nema?

Usta Ƙofar Ƙaura:

Madalla. Ƙarfen bayan ana sayar da shi sukutum da 'yan hannuwan da ake haɗawa da casis, ya fi faci. Mai walda ya auna daga ƙasa a gefe biyu kafin ya kama, in ya karkace ƙofar baya ba za ta rufu ba. A sauke tanki kafin a kunna wuta.

Fetur na yanzu ba dalma a cikinsa, kuma tof ɗin 1978 an yi shi ne lokacin mai dalma. Abin da ke faruwa shi ne mazaunin bawul na fitar hayaƙi yana lotsawa sannu a hankali, musamman in ana dogon gudu da kaya. Ba sai ka buɗe injin don wannan kaɗai ba. Riƙa auna tazarar bawul duk canjin mai. In ka ga ta fitar hayaƙi tana matsewa kowane karo, lokacin ya yi da za a kai tof ɗin wurin masu injin gyaran ƙarfe su dasa mazauni mai tauri. In an mayar da shi, manyan kusoshin 65 lb ft ne, daga tsakiya ake ɗaurewa a fita gefe, a sake bi bayan injin ya yi zafi ya huce.

Kaya kuwa, a gwada Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna don na hannu, sababbi kuma har yau ana samun kusan komai nata a Ingila, ana odarsu ta intanet. Da lambar kaya ake nema, ba da suna ba, don haka a samu littafin lambobin Series III, a riƙe lambar casis da ta injin a waya. Kwantak da kwandansa da rota a sayi biyu-biyu, na yanzu ba su da ƙarko, kuma a duba ko distirbutar 25D ce ko 45D, kayansu ba sa shiga juna. Sifana ma a nemi na inci, yawancin notinta ba na milimita ba ne, lamba 13 za ta cinye kan mai rabin inci.

Taya 7.50-16 da tif, huɗun iri ɗaya, tsayi ɗaya. In ta fara tafiya, a kan kwalta ƙafa biyu kawai. Ƙulli mai ruwan ɗorawa da ake dannawa ƙasa da jan liba na yashi da laka ne, in aka bar ta a ƙafa huɗu a kan titin Katsina farfela da aksul za su ɗaure, wani abu ya karye. Don fita daga ƙafa huɗu, tsaya, ja jan liban baya, ka mayar da shi gaba, ƙullin zai tashi da kansa.