Ciwon kan da ke tashinsa ƙarfe biyu na dare

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema a kan Abban Ilham. Yau kwana 19 ke nan, kullum wajen ƙarfe biyu na dare ciwon kai ke tashinsa daga barci. Ɓarin dama ne kaɗai, cikin ido da bayansa. Idon ya kaɗa ya yi jajir, hawaye na zuba ta nan kawai, ƙofar hancin wannan gefen ta toshe, fatar idon ta sauko. Ba ya iya kwanciya, sai safa da marwa a tsakar gida, jiya har bango na ga yana buga wa kai. Bayan kamar minti 40 sai ya sake shi kamar an cire ƙaya. Wani lokacin ya dawo bayan Azahar. Bara ma a irin wannan lokaci haka muka yi wata biyu, har haƙori aka cire masa, ba a ga canji ba. Tela ne, ga ɗinkin biki jibge a shago. Panadol da ibuprofen duk mun gwada, kamar ana zuba ruwa a rariya.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Baban Khalifa: Amin. Ni dai abin da ke zuwa da tsakar dare a lokaci guda kullum, ba na raba ɗaya biyu. A yi ruƙiya, a samu wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, a riƙa shaƙa man habbatussauda.

Malamin Zazzau: Maman Ilham, ina karanta saƙonki jikina na yin sanyi, domin labarina kika rubuta. Shekara 14 ina tare da wannan ciwo, bakwai daga ciki ban san sunansa ba. An ce sanyi ne, an ce ido ne aka yanka mini tabarau, an ce ciwon ɓarin kai ne irin wanda aka saba. Sai da na ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya ce mini cluster headache ne. Ki rubuta sunan haka a takarda ki tafi da shi. Mu a tsakaninmu kulasta muke cewa.

Abin da ya raba shi da ciwon ɓarin kai shi ne, mai wancan ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru, mu kuwa zama ma gagararmu yake. Namu gajere ne, daga minti 15 zuwa awa uku, amma yana iya zuwa har sau takwas a yini. Ya yi makonni ko watanni yana sallama kullum, sannan ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba, sai kuma baɗi. Nawa da shigowar hunturu yake zuwa, har na san in fara shiri da zarar ƙura ta taso.

Baban Khalifa, addu'a ba wanda ya isa ya hana, ni ma da ita nake kwana. Amma zuwan da yake yi a kan lokaci ba shi ne shaidar iska ba. Likitan ya yi mini bayani cewa ciwon na da alaƙa da ɗan sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe da agogon jiki, mai tsara barci da farkawa. Shi ya sa yake kama mutum awa ɗaya ko biyu bayan barci ya ɗauke shi. Ƙaho kuwa sau uku aka yi mini, tabon na nan, ciwon bai fasa zuwa ba ko dare ɗaya.

Baban Khalifa: To Malam, wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na karɓa. A dai haɗa da addu'ar.

Ɗan Sabon Gari: A gwada tramol mana, wani abokina shi yake sha idan kansa ya matsa.

Anti Nas: Don Allah a'a. Tramol ba ya kashe wannan ciwon, sai dai ya bar mutum da wata sabuwar jarabar. Dalilin da ya sa ƙwayoyin kemis ba sa yi a fili yake: ciwon yana kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, ƙwaya kuwa kafin ta narke ta bi jini ya riga ya gama azabarsa.

Abu biyu aka tabbatar suna yanke shi da sauri. Na farko iskar oksijin zalla daga silinda, lita 12 zuwa 15 a minti, ta takunkumin fuska mai 'yar jaka a ƙasa, ba siririn bututun nan na hanci ba. A zaune, a ɗan sunkuyo gaba, a yi ta shaƙa minti 15 zuwa 20, kuma a fara da zarar an ji alamar farko. Na biyu allurar sumatriptan ta ƙarƙashin fata, miligiram 6, ba a wuce biyu cikin awa 24. Mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba a yi masa ita. Akwai ta fesawa a hanci, ba ta kai allurar sauri ba amma ta fi ƙwaya nesa ba kusa ba.

Sai na rigakafi, wanda ake sha kullum har zangon ciwon, wato makonnin da yake zuwa a jere, ya wuce. Verapamil aka fi bayarwa, kuma dole a yi gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara da duk lokacin da za a ƙara yawansa, domin yana iya rage bugun. Kafin ya kama jiki likita kan haɗa da prednisolone na ɗan gajeren lokaci, ko allura a jijiyar ƙeya. Ban rubuta waɗannan don a je kemis a saya ba. Na rubuta ne don ku san abin da za ku tambaya. Kuma tunda ba a taɓa duba shi da kyau ba, wataƙila a buƙaci hoton MRI don a tabbatar ba wani abu ne a ciki yake kwaikwayon ciwon ba.

Maman Ilham: Anti na gode ƙwarai. Maƙwabcinmu na da injin oksijin mai amfani da wuta wanda mahaifinsa ya bari, zai yi?

Anti Nas: Ba zai wadatar ba ƙanwata. Yawancin na gida lita 5 suke bayarwa, manyan su kai 10. Ga shi kuma ƙarfe biyun dare ba lallai a samu wuta ba. Silinda ake so.

Mai Walda: Muna da silinda a gareji, in ana so.

Malamin Zazzau: Allah Ya saka da alheri, amma a nemi ta asibiti daga masu sayar da kayan asibiti, ita aka tanada don numfashi. Abin da ya fi ba ni wahala ma ba silindar ba ce, kan da ake ɗaura mata ne, mai daidaita yawan iskar da ke fita. Wanda aka fara sayar mini bai kai lita 15 ba, na yi sati ina cewa oksijin ba ya mini aiki. A duba lambobin jikinsa kafin a biya. Kuma a nisanta ta da risho, gas, garwashi da sigari, kada maiƙo ya taɓa bakinta.

Inna ta Maraɗi: Sannunku da hira. Ni mace ce kuma ina da shi, duk da an fi ganinsa ga maza. Shekaru na yi ana ce mini ciwon mata ne na ɓarin kai, sai da na je Yamai aka gane. Maman Ilham, shawarata a cikin ɗakinki take: ki ajiye turaren wuta da humra har zangon nan ya wuce. Ni idan ina cikin kwanakin, warin kasko kawai ya isa ya taso mini da shi, haka warin fetur da fenti. In ya wuce kuwa har turara kayana nake ba abin da ke samuna. Barcin rana ma ku kula da shi, wannan na bayan Azahar da kika ce, ki duba ko ƙailula yake yi kafin ya zo.

Maman Ilham: Wallahi Inna haka ne, a kan benci yake ɗan kishingiɗa a shago. Turare kuwa kullum da magariba sai na saka. Innalillahi.

Inna ta Maraɗi: Kada ki ɗora wa kanki laifi, ba turaren ya kawo ciwon ba, tsokano shi kawai yake. Idan ya taso kuma kada ki rirriƙe shi ko ki ce ya kwanta. Ki kawar da abin da zai ji masa rauni, ki miƙo ƙanƙara a tsumma ya danna a gefen, ki yi shiru kusa da shi. Tambaya a wannan lokacin ƙarin azaba ce.

Direban Legas: Ni nawa da alama yake zuwa, wani ɗan zafi a gefen hanci. Ina ji nake neman wuri in faka, ko fasinja za su yi ta faɗa. Na gaya wa shugabannin tasharmu gaskiya, in zangona ya zo sai in koma gajeriyar tafiya da safe, in bar tafiyar dare. Kofi baƙi mai ƙarfi da sauri a farkon alamar yakan rage mini wani lokaci, wani lokaci ko gezau.

Malamin Zazzau: Maganar aiki ita ce ta fi ci mini rai a shekarun farko. Mutum ya gan ka garau ƙarfe goma, ka ce masa ƙarfe biyun dare ka kusa haukacewa, sai ya ɗauka lalaci ne. Takardar likita ce ta raba gardama, aka mayar mini da darussana safiya, aka ba ni makullin wani ɗan ofis da nake shiga in ya kama ni. Abban Ilham ya rage karɓar ɗinki na wata biyun nan, ya gaya wa masu kaya ranar gaskiya, ya bar yaran shago su riƙe abin da za su iya. Ɗinkin dare a bar shi sam. Kuma ki samu littafi ki riƙa rubuta rana, lokacin farawa, lokacin saki, gefen da ya kama, da abin da ya sha. Wannan littafin ya fi dogon bayani a gaban likita.

Abban Ilham: Assalamu alaikum. Ni ne mai ciwon, ta ba ni wayar na karanta komai. Malam, ban taɓa jin wani ya faɗi abin da nake ji ba sai yau. Zan faɗi abin da ban gaya mata ba: akwai daren da na roƙi Allah Ya ɗauki raina in huta. Da gari ya waye na yi ta istigfari.

Anti Nas: Yaya, na gode da ka faɗa. Masu wannan ciwo da yawa sun taɓa kaiwa nan, tsananinsa ne ya kai haka, ba raunin imani ba. Amma kada ka riƙe shi kai kaɗai. Ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana, kuma duk daren da tunanin ya dawo ka tashe ta, ku nufi sashen gaggawa. Gobe ku je ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kada a jira Litinin. Kana shan sigari?

Abban Ilham: Ina sha, Anti.

Anti Nas: Da yawan masu ciwon suna sha ko sun taɓa sha. Ba zan yi maka alkawarin barinta zai kore shi ba, amma da silinda a ɗaki ba zancen ashana, kuma zuciyarka na bukatar lafiya kafin a amince maka da allurar.

Hajiya Babba: Ɗana, in azumi ya riske ka cikin wannan hali ka tambayi malamai, mara lafiya Allah Ya yi masa rangwame ya rama daga baya.

Maman Ilham: Jama'a barkanmu da kwana biyu. Mun samu ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, na nuna littafin, ya ce kulasta ne. An yi ECG, an fara verapamil, an rubuta mana hoto. Silindar ta iso shekaranjiya. Daren jiya ya taso biyu saura, ya zauna bakin gado ya saka takunkumin, ina riƙe da agogo. Minti 12 ya ɗago ya ce in ba shi ruwa. Malam, silindar kwana nawa take yi maka kafin a sake cikawa?

Malamin Zazzau: Alhamdu lillahi. Ya danganta da girmanta da yawan zuwan ciwon, lita 15 a minti tana cin iska sosai. Ki riƙa duba allurar agogon kanta kowace safiya, in ta sauko kwata ki aika a cika tun da rana, kuma in da hali ku ajiye ƙarama ta biyu a shago.