Roxette: ta yaya suka yi na ɗaya sau huɗu a Amurka, sannan aka neme su aka rasa?

Binta_Kaset: Assalamu alaikum jama'a. Ina son mai sani ya warware mini tarihin Roxette, mawaƙan pop biyu 'yan ƙasar Suwidin, a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe. Wani wuri a ce sun yi na ɗaya sau huɗu, wani wuri a ce ba su taɓa yi ba. Waƙa guda ma sai ka ga an ba ta shekara biyu daban. Wanne ne daidai? Kuma me ya kashe kasuwarsu a Amurka bayan 1991?

Malam_Faifai: Wa'alaikumussalam Malama Binta. Duka biyun gaskiya ne, jadawalin ne ba ɗaya ba. Sau huɗun na Billboard Hot 100 ne na Amurka: "The Look" a Afrilun 1989, "Listen to Your Heart" a Nuwamban wannan shekara, "It Must Have Been Love" a Yunin 1990, sai "Joyride" a Mayun 1991. Wasu biyu, "Dangerous" da "Fading Like a Flower", sun tsaya a na biyu. ABBA, wata ƙungiyar mawaƙan Suwidin, duk da girman sunansu sau ɗaya tak suka hau kan wannan jadawali. Masu cewa ba su taɓa yi ba kuwa Birtaniya suke nufi, inda iyakarsu na uku.

Asalinsu 'yan kasuwar gida ne. Per Gessle da Marie Fredriksson sun haɗe a 1986, kowanne da sunansa a Suwidin tun kafin nan, shi a ƙungiyar Gyllene Tider, ita tana waƙa ita kaɗai da harshensu. Albam ɗin farko, Pearls of Passion, a gida ya ci kasuwa. Na biyu, Look Sharp!, ya fito a Oktoban 1988, reshen Amurka na EMI, kamfanin faifansu, bai ga abin ɗauka a ciki ba. Wani ɗalibi Ba'amurke da ya je karatu Suwidin ne ya komo da faifan, ya kai gidan rediyon KDWB na Minneapolis. Suka sa "The Look", masu saurare suka dame su da waya, sauran tashoshi suka kwafa. Waƙar ta riga kamfanin shiga ƙasar, dole ya biyo ta da gudu.

Batun shekara biyu kuma, "It Must Have Been Love" kike nufi. An fara fitar da ita a 1987 a matsayin waƙar Kirsimeti. Da masu fim ɗin Pretty Woman suka nemi waƙa, sai aka ɗauko ta, aka cire ambaton Kirsimetin aka gyara kiɗan. Ta 1990 ce ta yi na ɗaya. A Birtaniya ma har sau biyu ta shiga, 1990 ta kai na uku, aka sake fitar da ita a 1993 ta kai na goma.

Sani_Lissafi: Malam ya gama da rabin farko. Bari in ɗauki na biyun, don nan ne ake yawan kuskure.

Kafin ƙarshen Nuwamban 1991, Hot 100 ba ƙidaya ba ce ta zahiri. Tashoshin rediyo da shagunan faifai ne ke aiko da jerin abin da suka ce yana tafiya, daga na ɗaya zuwa ƙasa, Billboard ta haɗa maki. Tsarin yana fifita waƙar da manyan tashoshin pop suka runguma, kuma kamfani mai ma'aikatan talla da suka san kan tashoshi yana iya tura waƙa sama. Daga 30 ga Nuwamba 1991 aka koma na'ura: SoundScan tana ƙirga kowane kwafi da aka sayar a kanta, BDS tana ƙirga sau nawa aka sa waƙa a iska. Nan take aka ga rap da R&B sun fi yadda ake zato ƙarfi.

A daidai wannan lokaci EMI ta haɗe reshenta na Amurka da kamfanonin faifai SBK da Chrysalis, aka sallami ma'aikata da yawa, ciki har da waɗanda suka yi wa Roxette aiki. "Spending My Time" tana kan hanya a lokacin, ta maƙale a na 32. Watanni kaɗan kafin nan suna na biyu. A 1994 "Sleeping in My Car" ta tsaya a na 50.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne albam ɗin 1994, Crash! Boom! Bang! Ba a kai shi shagunan Amurka yadda aka saba ba, sai aka yanko wasu waƙoƙi aka riƙa sayarwa a gidajen abinci na McDonald's. An sayar da shi sosai, amma tunda ba ta kantin faifai ya bi ba, jadawali bai san da zamansa ba. Wanda ya dubi Billboard kaɗai zai ce shekarar nan ba su sayar da komai ba.

Hajiya_Rediyo: Sani, ban yarda a ɗora wa kamfani da na'ura laifin duka ba. Kunnen Amurka ma ya juya. A Janairun 1992 ƙungiyar rock ta Nirvana ta hau kan jadawalin albam, tashoshin pop da yawa suka sauya salo, irin kiɗan Roxette mai sheƙi ya koma na jiya. Ko da ma'aikatan na nan, da wuya su maimaita 1989.

Kuma kalmar "an rasa su" ta Amurka ce kawai. A Suwidin sai da "Joyride" ta zo suka fara yin na ɗaya a jadawalin waƙa guda, wato Amurka ta riga gida ba su kambun. Bayanta "Sleeping in My Car", wadda ta sha ƙasa a Amurka, ta yi na ɗaya a gida, haka "The Centre of the Heart" a 2001. Nahiyar Amurka ta Kudu ta riƙe su har suka yi albam da Sifaniyanci a 1996. Sun yi wasa a Beijing a 1995. Abin da ya tsayar da su da gaske shi ne ƙarin da aka gano wa Marie a ƙwaƙwalwa a Satumban 2002. Da suka dawo, Charm School ya yi na ɗaya a Jamus a 2011. Likitoci suka hana ta yawon wasa a 2016, ta rasu a Disamban 2019.

Sani_Lissafi: Na karɓi gyara, Hajiya. Malama Binta, in tebur za ki haɗa, kowace ƙasa ki ba ta layinta, kuma ki rubuta abin da jadawalinta ke aunawa. Na Birtaniya a wancan zamani ciniki zalla yake ƙirgawa, na Amurka ciniki da rediyo, don haka na uku a Birtaniya da na ɗaya a Amurka ba awo ɗaya ba ne. Ki raba ranar fitowa da ranar kaiwa ƙololuwa, domin "Listen to Your Heart" ta fito a Suwidin a 1988, Amurka ta ba ta na ɗaya a ƙarshen 1989, Birtaniya kuwa sai da aka sake fitar da ita haɗe da "Dangerous" a 1990 ta kai na shida. Waƙa ɗaya, shekara uku.

Ki kula da yawan makonni a Suwidin. Har zuwa 1993 duk mako biyu ake fitar da jadawalinsu, sai wasu su ƙirga fitowa, wasu su ninka ta zama makonni, lissafi ya saɓa. Lambar platinum kuma kada ki haɗa ta da matsayi. A Amurka, a wancan zamani, kwafi miliyan ɗaya na albam take nufi, kuma abin da kamfani ya tura shaguna ake ƙirgawa. Look Sharp! na 23 ya tsaya a jadawalin albam, Joyride na 12, amma duka biyun sun samu platinum.

Binta_Kaset: Allah ya ƙara sani. To "Listen to Your Heart" da na gani a na takwas a 2005 fa?

Malam_Faifai: Wannan ba tasu ba ce, wasu 'yan Beljiyam ne masu suna DHT suka sake rera ta. A layin Gessle na marubuci za ki sa ta, shi da Mats Persson da suka rubuta ta tare, ba a layin Roxette ba.