Ƙofar AND ta ƙi bin teburinta: me kuka fi gani yana jawo haka?

Malamin wokshof:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa kan matsalar da ke tare masu fara koyon ƙofofin lojik, wato ƙananan da'irorin lantarki da ke karɓar 1 (akwai boltej) ko 0 (babu) su ba da amsa. Ɗalibi ya haddace teburin amsar kowace ƙofa: AND ba ta ba da 1 sai ƙafafun shiga biyu duk suna kan 1, OR ƙafa ɗaya ta ishe ta, NOT tana juya abin da aka ba ta, NAND kuma AND ce da aka juya amsarta. Ya ɗauko 74HC08, aisi (IC) mai ƙofofin AND, ya dasa a biredbod, wato allon gwaji mai ramuka, ya kai 5V ƙafa ta 14, ya kai ta 7 nagetib, maɓalli biyu daga 5V zuwa ƙafa ta 1 da ta 2, LED a ƙafa ta 3. Sai ga LED ya kama ba wanda ya danna komai, ko kuma ka kawo hannu kusa ya shiga ƙyaftawa. Nan take yaro zai ce aisin ne ya mutu. Mene ne kuke fara dubawa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Aisin nan lafiyarsa ƙalau. Maɓallin da ba a danna ba bai ba ƙafar 0 ba, sakinta ya yi, ba ta haɗe da komai. Ƙafar shiga ta CMOS, wato irin ƙirar da aka yi 74HC08 da ita, kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, saboda haka ɗan cajin da ke jikin mutum, ko jan wayar 50Hz da ke cikin bango, ya isa ya ɗaga ta ya sauke ta. Ta zama eriya ke nan.

Maganin: rezista 10k daga ƙafa ta 1 zuwa nagetib, wata 10k daga ta 2 zuwa nagetib. In an saki maɓalli rezista ta riƙe ƙafar a 0, in an danna 5V ta rinjaye ta, abin da ke bi ta rezistar kuma 0.5mA ne kawai.

Abin da mutane suke mantawa shi ne ƙofa huɗu ce a cikin 74HC08, ɗaya aka yi aiki da ita. Ƙafa ta 4, 5, 9, 10, 12 da 13 duk a kai su nagetib. Ta 6, 8 da 11 na fita ne, a bar su yadda suke, kada a haɗa su da komai. In ƙafar shiga ta tsaya a tsaka-tsaki, tiransistan sama da na ƙasa na cikin ƙofar duk sukan ɗan buɗe a lokaci guda, wuta ta riƙa zarcewa daga 5V zuwa nagetib. Shi ya sa za ka ga batir yana ƙarewa da wuri a da'irar da bai kamata ta ci komai ba.

Mai gyaran talabijin:
Injiniya, maganarka daidai ce, amma a aisi mai HC a tsakiyar lambarsa. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi 7408, sau da yawa 74LS08 za a miƙo masa, shi kuma halinsa daban. Ƙafar LS da aka saki tana ɗaukar kanta a matsayin 1, don haka LED zai kama ya zauna daram, ba ƙyaftawa. Kuma 10k zuwa nagetib ba ta da tabbas a nan. Ƙafar LS kan fitar da wuta har 0.4mA in ana so a ja ta ƙasa, ita kuma ba ta yarda 0 ne sai boltej ya sauka ƙasa da 0.8V. Ku ninka 0.4mA da 10k ku ga inda lissafi ya kai: 4V, ya wuce 0.8V nesa. Ko dai a sa 1k, ko a juya haɗin: rezista zuwa 5V, maɓalli zuwa nagetib, sai dannawa ta zama 0. Ni wannan na biyun na fi yarda da shi. A karanta haruffan tsakiyar lambar kafin a ɗora aisi a bod.

Malamar lantarki:
Ni kafin ƙafafun shiga ma, mita nake fara sa wa tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7, a jikin aisin kansa, ba a bakin batir ba. Biredbod da yawa layin wutarsu na gefe a yanke yake a tsakiya, rabi da wuta rabi babu, sai an ɗinke shi da guntuwar waya. Abin da ke rikita ɗalibi shi ne HC da ba a ba shi wuta ba yakan ɗan yi aiki, yana tsotsar wuta ta ƙafar shigar da ke kan 1, ta cikin diyod ɗin kariya. Sai teburi ya yi daidai a wasu layuka, ya watse a wasu.

Batir 9V kai tsaye kuma yana kashe dangin 74. LS tsakanin 4.75V da 5.25V yake so, HC daga 2V zuwa 6V. In 9V ke hannu a bi ta 7805 mai sauke shi zuwa 5V, ko a koma dangin 4000 da ke ɗaukar 3V zuwa 15V. Sannan kafasita mai lamba 104, wato 100nF, tsakanin 14 da 7, dab da jikin kowane aisi. Ba ado ba ce, rashinta ne ke sa aisin ƙidaya (counter) tsallake lamba.

Mai gyaran talabijin:
Malama tunda kin ambaci 4000, a kula da jerin ƙafa. 7400 da 4011 duk NAND huɗu ne, amma ba a musanya su a gurbi ɗaya. A 7400 ƙofa ta biyu 4 da 5 ne shiga, 6 fita. A 4011 kuwa 5 da 6 ne shiga, 4 fita. 7402 ma, mai ƙofofin NOR (OR da aka juya amsarta), fitarsa ta farko ƙafa ta 1 ce, ba ta 3 ba.

Ɗan Kwalejin Fasaha:
Ranku ya daɗe, nawa LED ɗin yana bin teburi amma dishi-dishi, 4081 ne, AND na dangin 4000, a kan 5V da rezista 330.

Injiniya:
Ƙanena, ba laifin haɗinka ba ne. Dangin 4000 a 5V abin da suke iya bayarwa bai fi 1mA da ɗoriya ba. Sa tiransista BC547: 10k daga ƙafar fita zuwa bes, emita zuwa nagetib, LED da 330 ɗinsa tsakanin kolekta da 5V. Zai sami kusan 9mA ya haska sosai.

Wani abu kuma ga mai haɗa dangi biyu: fitar LS tana iya tsayawa a 2.7V a ce 1 ce, alhali HC a kan 5V yana son wajen 3.5V. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. A sa 74HCT a wurin, don wannan aka yi shi.

Malamar lantarki:
A ƙara da hunturu. In iska ta bushe, har ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka, wannan tartsatsin ya isa ya huda ƙafar CMOS. Mugun abin shi ne ba lallai aisin ya mutu gaba ɗaya ba, ƙofa ɗaya ce za ta lalace sauran uku suna aiki. A riƙe shi ta baƙin jikinsa, a ajiye shi cikin takardar alminiyam, kada a zuba shi cikin leda. In ana zargi a gwada ƙofofin huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Mai haɗa famfon tanki:
Inda wannan darasi yake fitowa fili shi ne tankin ruwa. NAND biyu na 4011 a kan 12V: ƙafa ta 3 zuwa ta 5, ta 4 zuwa ta 2. Ƙafa ta 1 da ta 6 kowacce da 10k zuwa 12V. Makunnin ƙasa yana haɗa ta 1 da nagetib in ruwa ya sauka, ƙafa ta 3 ta hau 1, ta kunna tiransista, shi kuma ya ja rile (makunnin da wuta ke ja), famfo ya tashi. Ko ruwa ya wuce makunnin ƙasa ba za ta sauka ba, ta riƙe, sai makunnin sama ya haɗa ta 6 da nagetib. Ƙafa ta 8, 9, 12 da 13 a ɗaure su kamar yadda Injiniya ya ce.

Abu uku ke ɓata shi. Wayar da ta hau tanki doguwa ce, tana kwaso hayaniya, sai an sa 100nF daga ƙafa ta 1 zuwa nagetib kusa da aisi. Rile marar diyod 1N4007 a bayan koyil ɗinsa yana ƙona tiransista, ko ya juya ƙofar lokacin da ya saki. Na uku, in an ɗauke wuta aka dawo da ita ruwa yana tsakiyar tanki, ƙofar ba ta san inda ta tsaya ba, tana iya tashi da famfo a kunne. Sa 1µF a ƙafa ta 6 zuwa nagetib, ita za ta makara wajen hawa 1, da'irar ta tashi a kashe. Tunda kafasita tana sa boltej hawa a hankali, na fi son 4093 a wannan aiki, jerin ƙafarsa ɗaya da 4011 kuma ba ya rawa a tsaka-tsaki. Babban famfo kuwa kada a ɗora shi kan ƙaramin rile, rilen ya ja kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta da yawa, ɓangaren 230V kuma a cikin akwati rufaffe, nesa da wayoyin tanki.