Tafasa da yaɗiya na lalace min, ya zan yi su kai rani?

Mai Kwaɗo, Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwaɗon ganye nake sayarwa. Yanzu da marka ta kama, tafasa da yaɗiya sun cika daji, yara sai su ciko min buhu a arha, amma kwana biyu ya yi baƙi ya fara wari. Bara na shanya a tsakar gida, hadari ya taso, muka kwashe da sauran danshi muka ɗura a buhu. Da na kwance bayan sati, duk fumfuna. Ku taimaka min.

Inna daga Maraɗi:
Wa alaikumus salam 'yata. Buhun nan shi ya cuce ki, ganyen da bai bushe ba ba a ɗaure shi. Ki tsinke, ki wanke ƙasar, ki tsoma cikin tafasasshen ruwa kamar minti biyu, ki tsame a kwando ya tsane. Sai ki baza a tabarma cikin rumfa inda iska ke ratsawa, kar ki tula shi, kuma ki riƙa juyawa. Rana tsaka tana cinye korensa, ya koma kamar harawa. In kin murza a tafin hannu ya farfashe, to ya yi.

Malamin Gona, Haɗeja:
Maganar Inna haka take. Tsomawar nan tana tsayar da sinadaran cikin ganyen da ke ci gaba da lalata shi bayan an tsinko. Amma Hajiya, kar ki sa kanwa don ya yi kore, tana kashe wasu bitamin ɗin. Na ajiye ɗanyen ganye a sanyi kuma akwai tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a nan Jigawa har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Sai dai da marka ba ta sanyi sosai, iskar ma a jiƙe take. Ta fi aiki da bazara.

Mai Kwaɗo, Gumel:
Na gode. To Inna, in ya bushe a me zan zuba? Ɓeraye sun hana ni sakat.

Inna daga Maraɗi:
Bokitin roba mai murfi, busasshe ƙarau. Ki ɗora a kan benci, kar ya taɓa ƙasa. Da hunturu ya shigo ki fito da shi ya sha iska wuni guda, ki mayar.