Sikanin a cikin maƙogwaro lokacin tiyata, da gaske ne?

Maman Hanifa: Salam 'yan uwa. Kawuna ne muryarsa ta dishe tun bara, an ga ƙari a maƙogwaro, yanzu wai za su yi masa sikanin daga ciki suna cikin aikin. Ni dai sikanin masu ciki na sani, a wuya kuma ta yaya?

Dan Zazzau: Hajiya aikin iri ɗaya ne, sauti ake turawa ya dawo da hoto. Sai dai wannan ɗan siriri ne, bayan an yi masa allurar barci ake zura shi ta baki har wajen ƙarin, kuma tunda sautin baya ratsa iska sai su cika wurin da ruwan gishiri irin na asibiti, bututun numfashi kuma yana da 'yar balan-balan da ke toshe hanya kada ruwan ya sauka huhu.

Ummi K: To kyamara bata isa ba?

Dan Zazzau: Kyamara sama-sama take gani. Shi wannan zurfin ƙarin yake nunawa, ko ya taɓa guringuntsi, daga nan likita zai san iya abin da zai yanke.

Baba Audu: Allah ya bashi lafiya. Ku tafi da sakamakon CT ɗinsa (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura) ranar.