Sojojin da Ba Su da Lamba

Dattijon Zaure:

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan matasan jam'iyya mai mulki idan suka rikiɗe suka zama rundunar duka da kisa, kuma zan fara da Ruwanda, inda Interahamwe, samarin jam'iyyar MRND ta Shugaba Habyarimana, suka kasance kan gaba a kisan kiyashin da masu tsattsauran ra'ayi na ƙabilar Hutu suka yi wa ƙabilar Tutsi a 1994.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Sarkin da bai zalunci kowa ba.

Samari ne aka tara don gangami,
Ba a ce musu za a yi yaƙi ba.

An ba su riga mai launin jam'iyya,
Da kiɗa da rawa, ba a fara da adda ba.

Sannu-sannu aka kai su wurin horo,
Suka zam runduna, ba a sa musu lamba ba.

Daren da aka harbo jirgin shugaba,
Kigali ba ta kwana da hanya a buɗe ba.

A kowane shinge ana duba katin shaida,
Wanda aka rubuta wa Tutsi bai wuce ba.

Rediyo na kiran sunaye da maɓoya,
Maƙwabci bai ji kunyar maƙwabci ba.

Kwana ɗari, rai wajen dubu ɗari takwas,
Har Hutu mai sassauci bai tsira ba.

To ku gaya mini, ma'abota alƙalami,
Don me mai soja bai wadatu da soja ba?

'Yar Alƙalami:

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Zan amsa da amsa-amonka, ina duban Burundi, inda Imbonerakure, matasan jam'iyyar CNDD-FDD, suka addabi masu adawa da tazarcen Shugaba Nkurunziza a 2015.

Baba, soja yana da kaki da suna,
Ba zai yi harbi a rasa kwamandansa ba.

Umarninsa yakan bar sawu a takarda,
Takarda kuwa ba ta iya rufin asiri ba.

Shi ko yaron jam'iyya farar hula ne,
Ba a ɗauke shi aiki a rubuce ba.

In ya kashe, sai kakakin gwamnati ya fito,
Ya ce fushin jama'a ne, ba umarni ba.

Sannan ɗan unguwa ne, ya san kowane ɗaki,
Ya san abin da baƙon soja bai sani ba.

Ya san wanda ya ƙi zuwa taron jam'iyya,
Da wanda bai ba da kuɗin gudummawa ba.

Ɗan sanda na tsaye ana dukan mutum,
Bai kama ba, bai ko ɗaga murya ba.

Sunan Imbonerakure na nufin masu hangen nesa,
Amma ba su hango hawayen 'yan'uwansu ba.

Fiye da dubu ɗari huɗu suka bar ƙasar,
Ba su tsaya jiran a ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Ɗalibin Waƙa:

Yaya, ki gafarce ni, zan sauya amsa-amo, domin ina ganin an ɗora wa yaran nan kayan da ba nasu kaɗai ba ne. A Zimbabuwe, shirin horar da matasa da gwamnatin Mugabe ta fara a 2001 shi ya samar da waɗanda jama'a suka laƙaba wa Green Bombers saboda koren kakinsu.

Yaya, yaron da kika zana ina ganinsa,
Ya gama karatu babu aiki a hannunsa,
Aka ce takardar sansani ce mabuɗinsa,
Da ita za a kira shi a duba batunsa,
Wa zai ga ƙofa ɗaya tak ya ƙi shigewa?

A can aka ce masa ɗan adawa maƙiyi ne,
Wanda ya ƙi jam'iyya ɗan koren Turawa ne,
Dukan irinsu aikin kishin ƙasa ne,
Wanda ya ja da baya shi ma abin zargi ne,
Ku fara tuhumar mai aike kafin mai zuwa.

Uwar Marayu:

Ɗana, na karanta uzurinka sau biyu, kuma zuciyata ba ta karɓe shi ba.

Ɗana, talauci yakan sa a yi dako,
Ba ya koya wa hannu ƙona rumbun kowa.

Matalauta nawa suka ƙi karɓar sandar,
Alhali su ma sun kwana da yunwa?

Matar da aka faɗa ɗakinta da dare,
Ba ta ga minista ba, yaron take tunawa.

A zaɓen 2008 madugun adawa Tsvangirai ya bar zagaye na biyu,
Don magoya bayansa ake ta binnewa.

Mai aike na da kasonsa, ban rage masa ba,
Amma hannun da ya sara shi ma yana amsawa.

Malamin Tarihi:

Hajiya, ina bayanki a wannan magana, sai dai ina so Ɗalibi ya kai wa tsaransa labarin yadda ake ƙarewa. A Malawi, Young Pioneers, matasan jam'iyyar Shugaba Kamuzu Banda, sun shafe kusan shekara talatin suna cin karensu babu babbaka, har zuwa Disambar 1993, lokacin da suka harbe sojoji a garin Mzuzu, soja kuma suka far wa sansanoninsu. A Bangaladash, Chhatra League, ƙungiyar ɗalibai ta jam'iyyar Awami ta Firaministar lokacin Sheikh Hasina, ta afka wa ɗalibai masu zanga-zanga a Yulin 2024.

Banda ya kira su 'ya'yansa masu tsaron ƙasa,
Ran da soja ya taso bai iya karewa ba.

Suka bar bindigogi suka nufi Mozambik,
Wasu ba su ko yi sallama da iyaye ba.

Sheikh Hasina ta hau jirgi biyar ga Agusta,
Ta sauka Indiya, ba ta ɗauki yaran ba.

A Oktoba aka haramta ƙungiyar tasu,
Waɗanda suka dakan kuwa ba su manta ba.

Ɗalibin Waƙa:

Mama, na karɓi gyaranki, kuma na janye batun ƙofa ɗaya tak. Abin da ya rage mini shi ne lissafin shari'a, domin kotun duniya kan kisan Ruwanda da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta tuhumi mutum 93, kotunan gargajiya na Gacaca a Ruwanda kuwa sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012.

Mama, matar nan ta fi ni hujja,
Ba ni da bakin da zai musa mata ganewa.

Yaron ya tsaya gaban jama'ar ƙauyensa,
An faɗi sunansa da gidan da ya ƙonawa.

Ina tambayar Baba, shi da ya buɗe zaure,
A sauran ƙasashen da muka bi da ƙirgawa,

Wa ya sayi addunan, wa ya rubuta sunayen,
Motar da ta kai su, wa ke biyan mai da gyarawa?